Mai Azumi Ce Ta Ba Ni Ruwa

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau. Baba Fasto, dattawa, zumuntar mata, 'yan kwaya, ina gaisuwa. A ce Halleluya! Haba, wannan ai ta waɗanda ba su karya ba ce. A sake. Yauwa, yanzu na ji ku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu. A nan Maamobi aka yanke cibiyata, amma iyayenmu daga ƙasar Zazzau suka zo, babanmu ya yi aikin gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Ni ce mai suyar ƙosai a ƙofar gidan Hajiya Ramatu mai koko. Ita ke dama koko, ni ke suya, kujera kusa da kujera.

Ciwona ba mai ɓoyuwa ba ne, yawancinku kun gan shi da idonku. In ya taso, barci sai ya ƙaurace mini, bakina ba ya tsayawa, in ji kamar duniya duka a tafin hannuna take. Na taɓa raba zannuwana kaf a bakin titi. Na taɓa hawa teburin wata mai tumatir a Kasuwar Malam Atta ina waƙar yabo, matar tana zagina da yarensu na Twi, ni kuwa ina sa mata albarka. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi. Amma in ya sauka, sai in kwanta makonni fuskata a bango, ko wanka ba na iya yi, ina jin ban da amfanin komai a duniya.

Yayana Bulus, ga shi can zaune a baya, shi ya ɗauki nauyina bayan rasuwar iyayenmu. Da abin ya fi ƙarfinsa, sai ya kai ni wani sansanin addu'a a bayan gari. Ba da mugunta ya yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. A can suka sa mini sarƙa a ƙafa, suka ɗaure ni a gindin itace. Suka ce sai an yi wa aljanin azumi, ba ci ba sha, har ya gaji ya fita. Aljani dai ban ga fitarsa ba, ni ce na kusa fita. Tabon yana nan a idon sawuna har gobe.

Tun daga nan abu ɗaya nake tsoro a duniya, sarƙa. Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoronta ba.

Da aka dawo da ni, masu gidan da nake haya suka ce ba su san zancen ba, in nemi wani wuri. Hajiya Ramatu, ƙawar marigayiya mamanmu, ita ta buɗe mini ɗaki. Ita ce kuma ta kama hannuna muka hau motar haya, wato trotro, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Likita ya yi ta tambayoyi, aka ɗebi jinina, daga baya ya rubuta mini wani magani da ake kira litiyam.

Kafin mu tafi, wata nas mai jiki, mai fara'a, ta zaunar da mu. Ta ce maganin nan mai kyau ne ƙwarai, amma yana da dokoki. In riƙa shan ruwa sosai, musamman lokacin zafi. Kada in rage gishiri ko in ƙara shi kwatsam. Kada in sayi maganin ciwon jiki a kyamis ba tare da na tambaya ba, don akwai waɗanda ke sa shi ya taru a jini ya zama guba. In riƙa zuwa ana auna jinina. Sannan ta ce, in aka ga hannu yana rawa sosai, ga amai, ga gudawa, harshe ya yi nauyi, mutum yana tafiya haka... Sai ta miƙe, da farin kayanta da komai, ta yi ta tangaɗi a tsakar ofis, tana dafa bango kamar wadda ta kwana a gidan giya. Ta ce in an ga haka, kada a jira komai, a kawo ni a guje.

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da hayaƙi, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Abin da na riƙe kawai shi ne in sha magani kullum, kada in tsallake.

Na kuwa sha. Jama'a, Allah ya yi aiki ta wannan 'yar ƙwayar! Barci ya dawo. Hankalina ya zauna wuri ɗaya. Na koma suya, na koma kwaya, shekaru suka wuce lafiya lau, har yaran layinmu suka manta sunan da suke kirana da shi. Da na ga lafiya ta zauna, zuwa auna jinin ma sai ya zama na ganin dama.

To, sai azumin bara ya zo.

Ku da kuka tashi a zango kun san tarbiyyar da aka yi mana. Mu Kirista ne, amma in watan azumi ya kama, mamanmu ba ta yarda a gan mu muna tauna ko muna kurɓa a waje ba. Takan ce maƙwabcinka yana jin ƙishi, kai kana ɗaga kofi a gabansa, wannan rashin kara ne. Haka muka tashi, kuma har yau ban ce ta koya mana mugun abu ba.

A sauran shekaru nakan faki ido in shiga ɗaki in sha. Amma bara azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, kuma ciniki ya buɗe mana irin wanda ba mu taɓa gani ba. Kun san da azumi kasuwarmu juyawa take, ba ta safe ba ce, ta shan ruwa ce. Tun hantsi ina wankin wake da kai niƙa, rana na yin tsaka in hura wuta, daga nan ba tashi sai an kira magariba. Wuta a gaba, rana a bisa, gumi yana zuba har zanena ya jiƙe. Ga Hajiya a gefena, tsohuwa, leɓɓanta sun bushe, tana tace gasara tana tasbihi. Ga masu jiran ƙosai a tsaye, kowa baki a bushe. In tashi in bar mai a wuta in je in sha ruwa, in dawo da baki a jiƙe? Kunya ta hana ni. Na ce a raina, in tsohuwa ta iya, ni me zai same ni. Sai na riƙa jira mu sha tare da yamma.

Ba wanda ya sa ni. Hajiya ma ba ta sani ba, ta ɗauka ina sha a ɗaki kamar kullum.

Zaman kujera ya sa bayana ya riƙe. Na je kyamis na ce a ba ni maganin ciwon jiki mai ƙarfi, aka ba ni, na riƙa haɗiya safe da yamma. Mai kyamis bai san ina shan wani magani ba, ni kuma ban faɗa ba, don ba na son a ji sunan maganin a layi.

Sai hannuna ya fara rawa. Da ma yakan ɗan yi kaɗan-kaɗan, amma wannan dabam ne, in ɗebo ƙullu, rabi a kasko rabi a ƙasa. Sai tashin zuciya. Sai gudawa. In zagaya bayan gida in yi amai, in wanke fuska, in dawo in zauna ina murmushi. Kaina ya yi nauyi, magana tana ɓace mini a tsakiya.

Kun san abin da na ce wa kaina? Na ce shi ke nan, ciwon ya dawo. Ko sau ɗaya ban kawo maganin a raina ba. Ta yaya abin da ya warkar da ni zai zama shi ke kashe ni? Sai na ƙara ƙanƙame shi, ban tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Na riƙa ɓoye hannuna a cikin gyale. Don na sani, in Yaya Bulus ya ji, mota zai kawo.

Ranar da abin ya fashe, Hajiya ta tafi tafsirin mata bayan azahar, ta bar ni da wuta. Na yunƙura in ɗauko itace, sai ƙasa ta juya. Na yi hagu, na yi dama, na bangaji tebur, matsami ya faɗi, saura kaɗan in kifa a cikin tafasasshen mai. Na buɗe baki in ce a taimake ni, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba.

Wani direban trotro da ke cikin masu jira ya ce da irin Hausarmu ta zango, "Ei! Anti Saratu ya sha akpeteshi da azumi!" Wasu suka yi dariya. Wata mata ta ce, "Ba giya ba ne kraa, abin nasa ne ya tashi. A kira yayansa." Ni da ko giyar pito ban taɓa kai wa baki ba!

Mata suka ɗauke ni suka kwantar a ɗakina, suka ja ƙofa. Ina jin su a waje suna waya. Ina jin ana cewa yana zuwa da tasi.

'Yan'uwa, a wannan ɗakin na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ba durƙuso, don ƙafa ta ƙi. Ba kalmomi masu daɗi, don harshe ya mutu. Kuncina a kan siminti, sunan Yesu kawai nake ja, shi ma rabi-rabi yake fita. A zuci na ce masa, "Ubangiji, ka san tabon da ke ƙafata. In sarƙa ce ke jirana, ka ɗauki raina a nan, na yarda. In kuwa kana da sauran aiki da ni, ka aiko wanda zai gane abin da ke damuna, don ni kaina ban gane ba."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Amma wata irin natsuwa ta sauko mini, kamar an dafa bayana. Jikina yana rawa, zuciyata kuwa ta daina.

Yaya Bulus ya iso idonsa jawur. Ya ce, "Saratu, tashi mu je. Ki yi haƙuri." Ya ɗaga ni, ya rataya hannuna a wuyansa, muka fito ina tangaɗi, layi ya cika da 'yan kallo. Ƙofar tasi a buɗe. Ina ganinta, na san inda za ta kai ni.

Sai ga Hajiya ta ɓullo daga kwana, da hijabinta da dardumarta a hammata. Matar da ba ta taɓa barin tafsiri ba a shafa addu'a ba!

Hausar Hajiya ta zango ce, kun sani, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Ta tsaya cak tana kallon ƙafafuna. Ta ce, "Bulus, tsaya. Sake shi. Bar shi ya yi tafiya in gani."

Yaya ya ce, "Hajiya, ba lokacin wannan ba ne. Ciwon ne ya dawo."

Ta ce, "Na ce sake shi!"

Ya sassauta. Na ɗaga ƙafa, na yi gefe, na dafa bango.

Hajiya ta saki darduma ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Tafiyan madam nas! Wannan tafiyan madam nas ne!" Mutane suka kalli juna, suka ɗauka ita ma nata ya motsa. Ai kuwa sai tsohuwar nan ta shiga tangaɗi a tsakiyar layi, da hijabi da komai, tana nuna wa Yaya. "Haka ya yi mana a asibiti! Ya ce in mun ga haka, magani ne ya yi yawa a jini, mu kawo shi da gudu!"

Yaya ya ce, "Hajiya, da girmanki, ƙanwata ce. Wannan harkar addu'a ce, ba ta allura ba."

Ta ce, "Addu'a ka yi a cikin mota, Allah yana ji. Ni na zauna da yarinyan nan, na san hauka nasa. Hauka nasa surutu ne paa, baki ba ya hutawa. Wannan ka ji surutu? Bakinsa ya mutu! Wannan ba shi ba ne."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta zagaya ta shige gaban tasi, ta ja ƙofa, ta ce wa direba, "Asibiti. In kuma wani wuri za ka, sai dai ka tafi da ni, ka ga yadda za mu ƙare." Yaya ya tsaya, ya dube ni, ya dube ta. Ya sa ni a baya, ya shigo, ya riƙe kaina a cinyarsa, ya ce wa direba ya bi maganar Hajiya.

Abin da ya biyo baya ba na tunawa sosai, ba ni labari aka yi. An ɗebi jini, an rataya mini ƙarin ruwa, leda bayan leda, an tsayar da maganin. Hajiya a barandar asibiti ta sha ruwa ranar, da ledar ruwa ta piya wata guda, ba koko ba ƙosai, ita da ta saba ciyar da layi guda.

Da na farfaɗo, likita ya zo ya tsaya a kaina, Yaya da Hajiya suna gefe. Ya ce maganin ya taru a jinina ya wuce iyaka, ƙodata ta fara gazawa. Ya ce da an ƙara jinkiri, ko in rasa rai, ko in tashi da lahanin da ba ya gyaruwa. Yaya ya tambaye shi a hankali, ya ce, da an kai ni inda za a hana ni ruwa fa? Likita ya dube shi ya girgiza kai. Yayana, babban mutum, ya juya ya kifa goshinsa a bango ya yi kuka kamar yaro.

Ku duba ikon Allah! Rashin ruwa ne ke kashe ni, kuma motar da ke ƙofa za ta kai ni inda maganinsu shi ne hana ruwa. Tsakanina da kabari, tsohuwa ɗaya ce da ta tuna wasan da wata nas ta yi shekaru da suka wuce.

Na tambayi Hajiya daga baya me ya fito da ita daga tafsiri. Ta ce tana zaune sai ta tuna ba ta jiƙa geron gobe ba, zuciyarta ta ƙi zama, ta tashi. Da ta koma gida ta buɗe roba, ga gero a jiƙe tun safe, da hannunta ta jiƙa shi. Ita ta ce Allah ne. Ni ma na ce Allah ne. A kan wannan ba mu taɓa yin gardama ba.

Amma kafin nan, likita ya tambaye ni ko ina shan ruwa sosai, ko na sha wani magani dabam. Na faɗi na kyamis. Na ruwan kuwa na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na faɗi gaskiya. Hajiya ta zabura.

"Kai! Azumi naka ne? Wa ya aike ka? Ni ina neman lada, kai kana so ka kawo mini gawa a ƙofan gida?" Ta yi ta faɗa har nas ta leƙo. Sai muryarta ta karye, ta ce, "Mamanka ya bar mini amana. Me zan gaya masa?" Ta ja hijabi ta rufe fuska.

Aka sallame ni da sauran kwanaki a azumi. Likitocin ƙwaƙwalwa suka sake duba ni, suka daidaita mini magani yadda ya dace da jikina, suka kuma maimaita mini dokokin nan, wannan karon kunnena a buɗe. Suya dai aka hana ni, sai in zauna a inuwa a ƙofar gida ina kallo.

Washegarin dawowata, rana ta take, layi ya fara cika. Sai na ga Hajiya ta shiga gida ta fito da babban kofin silba, ruwan sanyi har yana raɓa a jikinsa. Leɓɓanta a tsage, muryarta a dushe don ƙishi. Ta miƙo mini a gaban kowa. Ta ce, "Sha."

Na ce, "Hajiya, bari in shiga ciki."

Ta ce, "Nan za ka sha. In ka shiga ciki ban gani ba."

Na ce, "Mutane suna azumi."

Ta juya ta dubi masu jira. "Akwai wanda azuminsa zai karye don marar lafiya ya sha ruwa?" Direban nan da ya ce na sha giya, shi ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, sha. Ka yafe mini."

Hannuna bai gama daina rawa ba, sai ita ta riƙe mini kofin. Mai azumi, da ƙishinta, tana jin sanyin ruwan a tafin hannunta, tana kallonsa yana wucewa ta maƙogwarona. Na sha ina kuka, hawaye yana zuba a cikin kofin, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasansa. Jama'a, na sha ruwa iri-iri a rayuwata, amma ranar na san Ubangiji da kansa ya shayar da ni. Ya Yesu, wane ne kamarka!

Haka ta yi kullum har aka ga wata. Azumin bana ma haka, ba ta fasa ba.

Don haka ina roƙonku, ku da kuke shan maganin ƙwaƙwalwa a ɓoye, na san kuna nan, ba sai kun ɗaga hannu ba. Maganin nan baiwar Allah ce, kada ku yar da shi don wani ya ce rashin bangaskiya ne, kada kuma ku tsayar da shi da kanku. Amma kowanne da dokarsa, nawa dabam, naka dabam. In ana faɗa muku, ku tafi da wani mai kunne, don ranar da abin zai zo, wataƙila bakinku ba zai iya bayani ba. Ku gaya wa mai kyamis abin da kuke sha, kunyar ba ta kai rai ba. Yaya Bulus yanzu shi ke raka ni auna jini, ko na ce na gaji sai ya zo ya tsaya a ƙofa.

Ku dogara ga Yesu. Na roƙe shi ya aiko wanda zai gane, ban faɗa masa daga ina ba, shi kuwa ya tashi mutum daga tsakiyar tafsiri.

Baba Fasto, ina da saƙo. Da zan fito yau, Hajiya ta ji an ce ikilisiya za ta shiga azumi da addu'a. Ta cusa mini wannan gorar ruwa a jaka, ga ta. Ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma gaya maka, kowa ya yi azuminsa Allah ya karɓa, amma wannan ɗaya, wato ni, ban da shi.

To, da izininka, zan sha a nan inda kowa zai gani, don in na koma sai ta duba gorar.

Na gode wa Allah. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!